Ƙoƙon Iri da Motar Haɗaka

Daren jiya na yi wani mafarki, ga shi hantsi ya yi amma bai sake ni ba. Kafin in faɗe shi bari in ce ni ce Tasalla mai kindirmo, don wanda bai san sana'ata ba zai ɗauka kukan banza nake yi. Kindirmo ba ya yin kansa. Sai ka dafa madara ta huce, ka zuba mata ɗan ragowar kindirmon jiya, ka rufe ka bar ta ta kwana. Wannan ragowar ita muke kira iri. Nawa a wani ƙaramin ƙoƙo yake zama. Daga hannun Inna na karɓe shi, ita kuma daga hannun tata uwar, tun suna ruga. Kullum a ɗiba, kullum a mayar da sabo, bai taɓa yankewa ba. Shekara shida ke nan da rasuwar Inna. An raba zannuwanta, ɗakinta ya zama sito. In ka cire ni, abin da ya rage nata mai rai a duniya shi ne abin da ke cikin ƙoƙon nan.

A mafarkin sai na gan ni a harabar Haɗaka. Haɗaka ƙungiya ce da muka kafa, mu masu kayan abinci da manoma, muna sayarwa ta waya: shafi ɗaya a intanet, suna ɗaya, mota ɗaya ta kwashi kayan kowa ta kai birni. Ni da farko ban so shiga ba, don ban saba sayar wa mutumin da ban ga fuskarsa ba. Amma cinikin ƙofar gida ya mutu, kowa waya yake latsawa, sai na bi sahu. Harabar dai ita ce wadda na sani, sai dai an rataye rana a ƙusa jikin bango, duk wanda zafi ya dama sai ya tashi ya juya ta gefe. Mutane sun bar inuwoyinsu a layi sun koma gindin darbejiya sun zauna. Ba wanda ya ga abin magana a ciki, ni ma ban gani ba.

Bokitin kindirmo yana kaina, ƙoƙon iri kuma na goya shi a baya da zane. Ina cikin tafiya sai na ji ya yi tari. Tarin Inna ne, ɗan busasshen nan da take yi kafin ta yi wa mutum gyara.

"Ke wannan," in ji ƙoƙon, "kin bar wuta a murhu."

Ni ce 'yar farinta, har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. Na ce, "Na kashe, Inna." Ta ce to. Muka ci gaba da tafiya.

Sakataren ƙungiya hankaka ne. Yana zaune a kan tebur da farin ƙirjinsa, ga biro a bayan kunnen da ba shi da shi. Bayansa wayar Haɗaka ce a jingine, girmanta ya kai ƙofar gareji. Hannuwa ne suke fitowa ta gilashinta a buɗe, wani da agogo, wani da lalle, ba fuska ko ɗaya. Su ne masu sayen kayanmu.

"Hajiya, roba arba'in," in ji hankaka. "Haka aka sa a shafi, haka aka saya."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a ofis duk macen da ta ɗaura kallabi Hajiya ce. Na ce masa madara ba ta da alkawari, ranar da shanu suka ƙoshi ta yi auki, ranar da ba su ƙoshi ba ta gaza.

Ya ce, "Shafi bai san shanu ba."

Na tsuguna na fara zuba wa robobi. Talatin da tara suka cika har baki. Ta arba'in ta tsaya saura yatsa biyu. Na karkata bokitin, na bugi gindinsa, na lallashe shi, bai ƙara ko ɗigo ba.

A ƙofar gidana wannan ba abin magana ba ne. Sai in ce wa mai saye ta yi haƙuri, yau ta gaza, gobe in cika mata har da gyara, a yi dariya a rabu. Don haka na matsa jikin wayar na kama wani hannu mai zoben azurfa. Na gaishe shi, na tambayi mutanen gida, na yi masa bayani tun daga kan shanu. Ya saurare ni yadda hannu ke sauraro. Da na gama sai ya ƙara buɗewa.

"Ba sa ji, Hajiya," in ji hankaka. "Latsawa kawai suke yi."

Na ce to a cire roba ɗaya, a kai talatin da tara. Sai ya nuna mini bayan ofis da fiffike. Taurari ne guda huɗu da rabi ɗaure a turke, ana ba su dusa. Ya ce masu saye ne suke ba da su, kuma na kowa da kowa ne. Duk ranar da aka ɓata wa hannu ɗaya rai, tauraro ɗaya zai tsinke igiya ya tafi, hannuwa su ragu, ba a kan mai laifin kaɗai ba, a kan duk wanda ke ƙarƙashin sunan Haɗaka. Rabin tauraron nan ya ɗago ya dube ni da idonsa guda, ya koma cin dusarsa.

Sai ga ni a gaban mota. Ta gurfana a kan wani ƙaton sikeli kamar raƙumi, tayoyinta a naɗe a ƙarƙashinta. An riga an yi lodin komai: kwandunan tumatir, kiret-kiret na ƙwai, buhunan shinkafa, kilishi, zuma, da robobina. Allurar sikelin tana ƙasa da jan layi da kaɗan. Direban jaki ne, da hula, lasisinsa a rataye a wuya, yana sakace.

Na ce, "Direba, yatsa biyu ne fa."

Ya ce, "Shekaru muka yi ana ɗora mana abin da ya fi ƙarfinmu, ba mu ce uffan ba. Yanzu da muka dawo gaba, sai abin da allura ta ce. Mota ba ta tashi sai ta cika."

Ya mayar da tsinkensa baki.

A nan na lura kowane ɗan ƙungiya da agogon kayansa a wuya. Na Alhaji Mamuda mai zuma, shugabanmu, ba shi da hannu ko ɗaya, don zuma ba ta san gaggawa ba. Na mai shinkafa sai ya yi hamma kafin ya motsa. Na Hajiya Yalwa mai ƙwai yana tafiya da sauri: ƙwayayenta suka ƙyanƙyashe a cikin mota, 'yan tsakin suka girma, suka yi ƙwai, suka shirya su a kiret da kansu suka mutu. Sau uku ana haka. Ta ce ita ba asara take yi ba, gajiya ce kawai. Kilishi ya gaji da jira ya fara haɗa jikinsa, can muka ji ya yi kukan saniya a cikin kwali.

Amma agogon Ɗantani mai tumatir juyawa yake yi kamar fanka. Ɗantani maƙwabcina ne, a gabana aka yi masa kaciya, kuma abin da ke cikin kwandunan nan shi ne noman ranin da ya yi gaba ɗaya. Tumatir ɗin suka fara yamutsewa, suna yi wa juna sallama a hankali, na ƙasa suna yafe wa na sama. Duk wanda ya fashe sai furfura ɗaya ta fito wa Ɗantani. Kafin in gyara goyona gemunsa ya yi fari, ya nemi sanda.

Da ya zage ni da na ji daɗi. Da ya ɗaga murya da na ɗaga tawa, don ni ma ba a bar ni a baya ba wajen baki. Sai ya dube ni da idanun tsoho ya ce, "Ba komai, Yaya Tasalla. Ki yi a hankali."

Na ɗauko robar ta arba'in daga mota, na nufi randar ofis da ita a hannu. Ruwa yatsa biyu, wa zai sani? Ban kai ga moɗa ba na ji tarin nan a bayana.

"Ba mu taɓa ba," in ji Inna.

Na dawo na mayar da robar cikin mota.

Aka kira taro. Alhaji Mamuda yana zaune a kujerar da ya manne da ita tun kafuwar ƙungiya. Maganarsa a hankali take zubowa, sai ka jira kalma ta gama sauka kafin wata ta taho. Ya ce Haɗaka ba ta tilasta wa kowa. Ya ce kowa da ikon kayansa. Ya ce shi dai ya ga kamar akwai wani abu a bayana. Duk taron suka juya, har inuwoyin da ke layi.

Na ce, "Alhaji, iri ne. Ba na sayarwa ba ne."

Ya ce, "Ba kindirmo ba ne?"

Na ce kindirmo ne.

"To ai shi ke nan. Akwai iri a kanti, na leda, mai kyau, daga waje ake kawo shi. Gobe ki sa wannan."

Na ce ba ɗaya ba ne. Na ce wannan ya girme ni, ya girmi motar, ya girmi titin da motar za ta bi. Na ce matan da suka riƙe shi kafin ni sun yi ƙaura da shi a bayan shanu, sun ratsa shekarar da shanu suka mutu, suna roƙon madara cikin ludayi don kawai kada ya yanke. Ya gyaɗa kai har na gama, don mutum ne mai ladabi.

Sannan ya ce, "A hoto ana ganin bambancin?"

Ba a gani.

Suka zauna suna dubana, ba da fushi ba, da haƙuri, kuma haƙurin mutane ya fi fushinsu nauyi a kaina. Abu biyu Inna ta dasa mini tun ina yarinya: kada a taɓa ganin gindin ƙoƙon iri, kuma kada mutum ya tsaya a rana saboda ni. Shekara hamsin ina riƙe da su biyun, ban taɓa zaton wata rana za su tsaya suna kallon juna ba. Na kwance goyon na ɗora ƙoƙon a cinya, na ɗaga faifan da ke rufe da shi, na rage murya.

"Inna, me zan yi?"

Na so ta ce kada in kuskura. Da ta faɗa da na miƙe na bar musu harabar, tauraro ya tsinke, tumatir ya ruɓe, in ce uwata ce ta hana. Sai ta yi ɗan tarinta ta ce, "Ke wannan, mutane fa kika tsayar."

Na zuba rabi. Allura ta motsa ta tsaya. Na zuba rabin rabin. Ta ƙara matsawa, ta tsaya. Wani tumatir ya fashe a cikin mota, Ɗantani ya zauna a ƙasa don ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Na juye sauran. Tsakanin allura da jan layi saura kamar silin gashi. Jaki ya leƙo ta taga ya duba, ya girgiza kai. Na sa yatsa na kankare ƙoƙon, gefe da gefe har gindi, na share yatsan a bakin robar. Da hannuna na yi, ba wanda ya riƙe mini shi.

Motar ta yi atishawa ta miƙe tsaye.

Nan da nan hankaka ya bi robobin da murfi, ya manna wa kowace tambarin Haɗaka, ya cakuɗa su yadda ake cakuɗa gyaɗa a faranti. Na ce ya dakata in ga wadda na zuba wa. Ya ce ai amfanin tambari ke nan, kada a san ta wane. Aka rufe ƙofa. Titi ya warware a gaban motar kamar tabarma, yana naɗewa a bayanta. Daga can cikin kaya na ji tari sau ɗaya. A lokacin hankalina ya dawo jikina. Cokali ɗaya ya ishe ni. In na sami cokali ɗaya daga robar nan kafin a shanye, iri bai yanke ba. Na bi motar da gudu, ba titi a ƙarƙashin ƙafata.

Sai ga ni a cikin wayar. Ashe gari ne, gidaje a kan gidaje, matakala ko'ina, ba kaza ba akuya. A nan na ga masu hannuwan. Mutane ne kamar kowa, sai dai wuyansu a lanƙwashe yake, kowa yana kallon tafinsa. Na bi gida-gida ina sallama da ƙoƙo a hannu. Wata ta ce ta dama fura da nata tun ɗazu. Wani ya ce kyanwarsa ya saya wa. Wata ta buɗe ƙofa da kindirmona shafe a fuskarta, ta ce an ce yana gyara fata. Na kara kunne a kumatunta ko zan ji tari, ban ji ba, na ba ta haƙuri na wuce. Haka na yi ƙofa talatin da tara, kowace matakala ta fi ta baya tsawo.

Ƙofa ta arba'in a buɗe take. Wani magidanci ne a zaune a kan kujera mai laushi, da zoben azurfa a yatsa. Robar tana hannunsa na hagu, cokali a na dama, idonsa a kan waya. Ya sha fiye da rabi. Daga cikin robar na ji muryar, ta yi ƙasa sosai.

"Ke wannan, kin ci abinci kuwa?"

Na durƙusa a bakin ƙofa. Na ce, "Alhaji, don girman Allah cokali ɗaya za ka ba ni daga wannan."

Ya ce, "Baba, ki sa oda mana. Suna kawowa har gida." Ya kai cokali baki.

Na ce ni ce mai yin sa. Ya ce ma sha Allah, a ci gaba da ƙoƙari, yana son ganin mata suna sana'a. Ya kai wani cokalin. Na ce uwata ce a ciki. Ya ce Allah sarki, ai duk abin da aka yi da hannu haka yake, shi ya sa ba ya sayen na kamfani. Ba mugu ba ne, ko kaɗan. Duk abin da na faɗa sai ya amsa da kyakkyawar magana, cokali kuma bai tsaya ba. Na yunƙura in fizge robar, hannuwana suka ƙi, don ban taɓa karɓe abinci daga bakin wanda ya saya ba, ko a mafarki ban iya ba.

"Robar kike so?" in ji shi. "Bari in gama in ba ki."

Na ji ƙarar cokali a gindin roba. Ya tashi ya shiga ciki, na ji ya buɗe famfo. Ya dawo ya miƙo mini ita da hannu biyu, a wanke tas, har da murfinta.

Sannan ya latsa wayarsa. Taurari uku suka fito ta taga suka nufi garinmu. Ya karanta mini abin da ya rubuta, don in ji daɗi: "Ba laifi. Ya ɗan yi tsami." Ya tambaye ni ko muna yin mai ɗanɗanon ayaba.

Sai ga ni a harabar Haɗaka kuma. Ana ta murna. Kaya sun isa a kan lokaci, turke ya cika da taurari har ana neman ƙarin dusa. Ɗantani ya koma saurayi, ya zo ya tsuguna a gabana ya ce ba zai manta da wannan karar da na yi masa ba. Alhaji Mamuda ya fara jawabin godiya, aka ce zai kai ƙarshensa da kaka. Hankaka ya sauko kafaɗata ya ce hannuwa sun ƙaru, gobe roba tamanin, ya riga ya sa a shafi.

Na koma gefe na zauna a kan wani kwando. Na kai bakina cikin ƙoƙon na ce, "Inna." Muryata ce ta dawo mini. Na sake kira, ita ce dai. Na yi ƙoƙarin tuno yadda tarin yake, ko daga maƙogwaro yake fitowa ko daga ƙirji, sau ɗaya take yi ko sau biyu, na kasa. Ranar da aka binne ta na yi kuka, amma washegari na tashi na ɗebi iri na zuba a madara, na san ba ta tafi duka ba. Wannan karon ba abin da zan tashi in ɗiba. Baƙin cikin da na ji a kan kwandon nan ya fi na ranar jana'iza, kuma ba wanda zan ce ya zo ya yi mini gaisuwa, don kowa a harabar barka yake yi mini.

Hon ɗin babur ne ya tashe ni, sai ƙarar jarka da aka dire a ƙofar gida. Yero ne, mai kawo mini madara daga ruga kowace safiya. Na kwanta ina kallon rufi ina sauke numfashi. Ba hankaka, ba jaki. Sakatarenmu mutum ne mai 'ya'ya huɗu, motar Haɗaka kuma farar bas ce da ba ta taɓa gurfana ba. Amma da gaske robar ƙarshe ta gaza da yatsa biyu jiya da la'asar, mota tana jira, kuma Ɗantani ya ce mini ba komai, in yi a hankali. Ƙoƙon yana kife a kan randa inda na ajiye shi bayan na wanke, ya bushe.

Yero ya yi sallama, ya tambaye ni jarka nawa zai sauke. Na ce biyu, kamar kullum. Na hura wuta, na dafa madarar, na sauke, na zauna ina jira ta huce. Ta huce tun ɗazu, ina nan zaune a gabanta.